Karan da Iya Take Aikena Ɗebowa

A ƙauyenmu can ƙasar Zariya, in an idar da sallar magariba an ci tuwo, mu yaran gida sai mu zagaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Wutar kara take hurawa, mai saurin cinyewa, don haka kullum ana bukatar mai ƙaro mata. Ni ne mai wannan aikin, kuma ina alfahari da shi.

Tun ina ƙarami nake da in'ina. In kalma ta maƙale mini, sai na runtse ido na bugi cinyata kafin ta fito. A waje yara suna kwaikwayona, har manya ma. Gefen Iya kaɗai nake zama hankalina kwance. Ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba, ba ta taɓa cewa in yi sauri ba. "Maigidana," take ce mini, irin wasan kaka da jika, "matso nan, kar waɗannan su ƙwace maka mata."

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta bushiya. Dabbobi suna zaune a kwari. Wata rana bushiya ta hau tudu neman abinci, sai ta hango kogi ya ɓalle, ruwa yana tahowa. Ta gangaro a guje. Daidai nan Iya za ta dubi murhu ta ce, "Maigida, wuta za ta mutu. Jeka bayan rumbu ka ɗebo kara, ka zaɓo masu kauri."

Ina can ina zaɓe sai in jiyo dariya ta tashi, har da ta matan gida. Ni ma in yi murmushi, in ƙara sauri. Kafin in dawo, bushiya ta fara jan 'ya'yan dabbobi ɗaya bayan ɗaya zuwa tudu ba tare da ta ce uffan ba. Iyaye suka bi 'ya'yansu, kowa ya tsira. Iya ta dafa kaina ta ce, "Kun gani ko? Ba ta ce komai ba, amma ita ta cece su."

Na riƙe wannan da hannu biyu. Na girma, na zo Abuja, na kama lodin katako a Dei-Dei. Oga ya yi faɗa ko ba laifina ba ne, in yi shiru. Taron 'yan garinmu, in zauna a baya. Duk lokacin da abin ya dame ni, sai in tuna bushiya in ji sanyi.

Furfura ta fara fito mini kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya lura na iya karatun, amma in an ce in tashi in karanta sai gumi. Shi ya haɗa ni da wata likita da ke tara masu irin matsalata a wani asibiti. Tana koya mana jan numfashi kafin magana, da kallon mutum a ido, da yadda za ka ce wa mai keke a'a. Wata rana ta ce kowa ya tsaya ya ba da labarin da ya sani tun yarinta. Na ba da na bushiya, da ƙyar.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Sale," in ji ta. "Amma me ya hana ta faɗa musu kawai?"

Ban sani ba. Ta ce in nemi wanda na yarda da shi in maimaita labarin a gabansa.

Na je wajen Yaya Haruna, ɗan baffana, a kasuwar shanu. Tare muke zama gaban murhun Iya muna yara. Ban kai ƙarshe ba ya fara dariya.

"Kai Sale, ai ka tsallake wurin daɗin. Ta je ta faɗa musu mana. Ta tara su kaf, ta tsaya a tsakiya."

Ya miƙe. Ya runtse ido, ya bugi cinyarsa. "Ru… ru… ru…" Ya sake buga cinyar. "Kafin ta ce ruwa kowa ya watse. Wallahi Iya ta iya, har hawaye muke yi."

Sai ya dube ni, dariyar ta tsaya.

"Wa take kwaikwayo, Yaya?"

"Haba Sale, abin yara ne. Ai don kar ka ji ciwo take aikenka. Zauna a kawo maka shayi."

Ban zauna ba.

Na daɗe ina juya maganar. Wataƙila gaskiyarsa ne, tausayi ya sa take tashina. Amma da tausayin ya kai, da ta bar wurin nan gaba ɗaya. Ta san daidai inda za ta aike ni, ta san tsawon lokacin da zaɓen kara mai kauri zai ɗauka. Abin da na ɗauka hikima ce ta ba ni, ashe ragowar labari ne bayan an cinye tsakiyarsa da ni. Har yau ina yi mata addu'a, sai dai bakina yana nauyi a kan sunanta, kuma wannan nauyin ba na in'ina ba ne.

Da muka sake haɗuwa a asibiti na ba da labarin cikakke. Da na zo wurin ruwa, kalmar ta maƙale da gaske. Na tsaya a gabansu ido a buɗe, suka jira har ta fito. Babu wanda ya yi dariya. Na zaci daɗi zan ji, amma a motar komawa gida Iya na yi ta tunawa. Ashe ana iya jin wurin nan ba a yi dariya ba.