Ƙwaryar da Ta San Kakan Kowa

A ƙauyenmu, can kusa da Cadawa, lokacin tatsuniya bayan girbi ne, in damman gero sun shiga rumbu sanyi ya fara sauka. Da an idar da sallar lisha, kakarmu Inna Tabawa takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Ni take ajiyewa kusa da ita, wai ni ne maigidanta.

"Matso, maigida," in ji ta. "Ko ganyen miya ba ka kawo mini ba, amma a cin gyaɗa ba ka da na biyu."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne.

Da yawa na manta. Ɗaya ce ta ƙi barina, kuma ban tabbata ina ba da ita daidai ba.

Wai a wani gari rijiya ɗaya ce, kullum mata na faɗa kan wadda za ta fara ɗiba. Sai wata tsohuwa mai zanen ƙwarya ta yi wata ƙwarya mai magana, ta kife ta a bakin rijiyar. Duk wadda ta iso, ƙwaryar ta riƙe sunanta, ta kira ta idan lokacinta ya yi. Faɗa ya mutu. Tsohuwa ta sha yabo har ta ga ai hannunta ya fi haka. Ta ɗauke ƙwaryar ta ƙara mata zane guda, yadda za ta san ranar da kakan kowa ya fara shan ruwan rijiyar. Ba wanda ya roƙe ta. Iyawa ce kawai.

Ana nan, aka yi shekarar da ruwa ya ja ƙasa. Sarki ya zo ya ce, "Ƙwarya, su wa suka riga zuwa garin nan?" Ita kuwa ba ta ƙarya, ba ta mantuwa. Ta jero gidaje ɗaya bayan ɗaya, jama'a na saurare. Aka ce 'yan baya su jira na farko su gama. In an gama, sai laka. Kafin damina ta dawo, rabin garin ya ɗaure kaya.

Na ce, "Inna, don me ba ta fasa ta ba?"

"Ta fasa mana, maigida. Da taɓarya ma." Ta juya gyaɗa da ɗan kara. "Amma kunnen da ya ji fa? Maƙwabciyar da kuke cin tuwo akushi ɗaya, yau ta san ke 'yar baya ce."

Ba mu so wannan tatsuniya ba, don ba gizo, ba abin dariya. Sai da na girma na ji cewa mahaifin Inna da shanu ya gangaro daga arewa, wani maigari ya ba shi daji ya share. Ko da kanta take, ban sani ba. Ban tambaye ta ba har ta rasu.

Na yi lakol, wato makarantar boko, na gama jami'a, na koyi haɗa manhajar salula. Bara wata ƙungiya ta ɗauke ni in shirya tambayoyin da za a rubuta manoma da su a ƙauyukan wajen Gidan Sori, don rabon irin wake. Suna, gari da girman gona kaɗai ake buƙata. Ni kuma ina tsoron a ce aikina bai cika ba. Na ƙara tambaya biyu: daga ina kakanninku suka zo, kuma gonar gado ce ko aro. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya duba ya ce aiki ya yi kyau. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ban yi tunanin yadda za a yi tambayar ba. Ashe a ƙofar maigari ake tara mutane, mai rubutu ya karanta da ƙarfi, a amsa da ƙarfi.

Ranar da na bi masu rubutun in ga yadda manhajar ke tafiya, wani dattijo, Malam Buba, ya janye ni gefe.

"Ɗana, wake muka ji za a ba mu. Me ya kawo kakana cikin wake?"

Na ce don a cika bayani ne, Baba.

Ya ce, "Ranar da aka tambaye ni gonata, na ce aro ce, don ba na ƙarya gaban mutane. Amma a gonar nan aka haifi ubana. Shekaranjiya jikan wanda ya ba mu ita ya zo yana taka iyaka, bai ko yi mini sallama ba. Abin nan da kuka zuba a waya, wa zai gani?"

Na buɗe baki in ce ba kowa, sai na ga ba ni da wannan tabbacin.

Sati biyu bayan haka shef ya kira ni buro, ofishinsa. Wani babba a yankin na son a tura masa jerin duka. Na ce ina ganin, in ba damuwa, gara a cire amsoshin nan biyu tukuna. Ya ce, "Kai da kanka ka saka su, yanzu kuma kake rawar jiki?" Na ce shi ya sa. Sai ya ce in yi yadda na ga dama, amma in aka tambaya ni zan amsa.

Wataƙila dai aikin nan ba zai daɗe a hannuna ba. Ba shi ya fi damuna ba. Da ina ɗaukar cewa mai ƙera abu, in bai yi ƙarya ba kuma bai yi nufin cuta ba, ya fita. Yanzu ina jin akwai abin da ya rage masa: ya tambayi abin da ake buƙata kaɗai, ya kuma tuna ranar da abin zai faɗa hannun wanda ba shi ba. Ban san ko Malam Buba zai shuka waken nan a gonarsa bana ba, kuma abin da zan iya gogewa bai kai can ba.

Da na zaɓi amsoshin zan share, kwamfutar ta tsaya ta tambaye ni ko na tabbata. Ranar da na ƙara tambayoyin ba ta tambaye ni komai ba. Ni ma ban tambayi kaina ba.