Ranar da Isufu Ya Samu Damar Ramuwa

Har yau idan sabbin tafintoci suka tambaye ni abin da ya fi wuya a aikinmu, ranar da na raka Isufu masana'antar jallabiya nake ba su labari.

Aikin tafinta a Guangzhou shi ne ka tsaya tsakanin ɗan kasuwa da mai masana'anta, wanda muke kira lawban, ka isar da maganar kowa yadda ya faɗe ta. Isufu mutumin Maraɗi ne. Da can shago ɗaya suke da amininsa Sabo, Bakano, a ginin Tianxiu, har a akushi ɗaya suke ci. Isufu ya zana wani salon wuyan jallabiya, Sabo ya zagaya ya kai wa wata masana'anta a matsayin zanen kansa, ya cika Kano da shi. Isufu ya karye, ya koma gida. Da ya dawo bayan shekaru, ya dawo da ƙarfinsa, dilolin Yamai na bayansa.

A mota ya riƙa ba ni labarin wani tsohon littafin Faransanci da ya karanta a makaranta, na zamanin takubba, inda abokai suka ci amanar wani, ya yi haƙuri har ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malam Habu, mutumin nan bai taɓa gaggawa ba. Ni ma ban yi ba."

Ana saura kaɗan azumi, lokacin da kowa ke rububin ɗinki. Bayan mun gama maganar kayan Isufu, lawban ya zuba shayi ya ce wani Sabo ya zo neman a ɗinka masa, sauran masana'antu duk sun ce masa meyo, wato babu wuri. Tsohon aminin Isufu yake nufi. Ya tambaya ko mutumin kirki ne. Mun san idan aka rufe masa wannan ƙofa, kasuwar sallarsa ta tafi.

Isufu ya sunkuyo ya ce da Hausa, "Ka ce masa Sabo yana gudu ya bar kayan da ya sa a ɗinka. Amma ka faɗa kamar daga bakinka, kada sunana ya fito."

Na ce, "Alhaji, ni ba ni da baki a nan. Duk abin da ka faɗa zan juya, in ce kai ka faɗa, kuma gobe Sabo zai ji. Sai ka zaɓi maganar da za ka iya maimaitawa a gabansa."

Lawban na kallonmu. Sai Isufu ya ce, "Faɗa masa Sabo bai taɓa barin kayan da ya sa a ɗinka ba. Amma ya taɓa ɗaukar zanena ya ce nasa ne. A ɗinka masa komai, ban da nawa."

Na juya haka, kalma da kalma. Sabo ya samu ɗinkinsa, amma kafin mako ya ƙare duk masu ɗinkin unguwar sun san wanda ya zana wuyan nan. Sabo da ƙafarsa ya hau benen da Isufu yake, ya ba shi haƙuri. Ba su koma shago ɗaya ba, amma suna gaisawa a masallaci.

Abin da nake gaya wa ƙannena a wannan aiki ke nan: ɗan kasuwa mai fushi zai so ya ari bakinka ya yi sara da shi. Kada ka ba shi aro. Mayar masa da maganarsa da sunansa a kai. Mafi yawansu, idan suka ji nauyinta, gaskiya suke faɗa.