Rabin Wasan da Jinjiri Ya Sata

Sunansa na yanka Hamidu, amma in ka shiga Batsari ka ce kana neman Hamidu kafinta, sai ka wuni kana yawo. Ka ce Jinjiri kawai, ko mai tallar goro za ta nuna maka shagonsa. Ƙato ne baƙi, tafin hannunsa kamar faranti, ga saurin fushi ga saurin hawaye. Ni Uwaisu taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, da ransa da bayan ransa. Allah ya jiƙansa.

Gaskiya a aikin kafinta Jinjiri ba wani gwani ba ne. Ƙofar da ya yi mini, duk damina sai na sa kafaɗa kafin ta buɗe. Abin da ya ɗaga sunansa allon wasa ne. Shekara biyu bayan samun mulkin kai ya fito da shi, ya ajiye a gindin tsamiyar bakin kasuwa inda masu dara ke zama, ya ce ga sabon wasa ya kawo.

Allon katako ne mai gurabe. Layi ɗaya dogo ya ratsa tsakiya, shi ne burtali, hanyar shanu ke nan. A ƙarshensa akwai babban gurbi mai shuɗin fenti, mashaya. Hagu da dama gonaki ne. Mutum biyu ke yi, ɗaya makiyayi da baƙaƙen duwatsu goma sha biyu, ɗaya manomi da tsinkayen kara ashirin. Makiyayi na tura shanunsa zuwa ruwa, manomi na dasa tsinkayensa yana matse hanya. Duk saniyar da ta rasa inda za ta taka ta faɗa gona, manomi ya kama ta, ta fita daga wasa. In tsinkaye suka ƙare an gama, sai a duba wanda ya fi cutar wani.

Wasan ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Mutane suka sa masa suna darar Jinjiri. Aka yi ta saye daga Karare, daga Darini, har direbobin lori na ɗauka su kai Katsina. Shekarar da kuɗin mai suka cika aljihun ma'aikata, babu malamin makarantar da ba shi da rediyo da allon Jinjiri a ɗakinsa. A kusurwar kowane allo yana zana wata karkatacciyar tsamiya, wai shaidar aikinsa ke nan. Aibin wasan ɗaya ne, ban taɓa ganin an tashi daga kansa da dariya ba. Kullum sai wanda aka kame wa shanu ya watsa duwatsu ya tafi yana ƙunƙuni. Ni kaina sau biyu ina daina yi wa Jinjiri magana a kan wasan nan.

Ana nan, shekara goma sha huɗu da fitowar allon, sai wani kafinta a Safana mai suna Mani ya fara yin irinsa. Ba kama kawai ba, komai da komai ya kwafa, har shuɗin mashayar, har karkatar tsamiyar. Ranar da aka kawo wa Jinjiri ɗaya ya gani, sai da na riƙe masa riga. Ya ce wallahi wannan sata ce tsirara, ba zai yarda ba.

Ya kai ƙara majalisar gindin tsamiya, don a harkar wasa su ne alƙalai. Abin da suka ƙi hawa kansa, ba mai saye. Aka aika wa Mani ya zo ranar kasuwa. Wani ɗan siririn mutum ne, ya zauna can gefe yana murza hularsa, bai musa komai ba. Ya ce ya ga abu ya ba shi sha'awa ya yi, bai san wasa na da mai shi ba.

Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce ita dara wa ya taɓa biyan wanda ya ƙirƙiro ta? Wasu suka ce a'a, dara ta kakanni ce, wannan kuwa ga mai shi nan zaune yana numfashi, tunanin mutum ai kamar gonarsa ne. Da aka gaji, sai Malam Yusha'u, tsohon da ya fi kowa daɗewa a majalisar, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Abin ba ya da wuya. Jinjiri, ba Alƙur'ani za mu ɗauko ba. Ka ce kurum, tsakaninka da Allah, wasan nan daga kanka ya fito. In ka faɗa, daga yau ba mai taɓa allon Mani a garin nan."

Na dubi taubashina ina jiran ya yi tsawa kamar yadda ya saba. Ya dubi allon, ya dubi Mani. Sai ya miƙe ya ce cikinsa na ciwo, ya wuce gida.

Kwana uku bai buɗe shago ba. Matarsa Turai ta aiko mini cewa in zo, mutumina ya daina cin abinci. Na same shi bayan azahar zaune a zaure, ya yi zuru-zuru. A shekarar nan ya sami kujerar Makka, saura kwana goma sha biyu a kira su sansanin alhazai, kuma ya riga ya zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara kamar yadda kowane maniyyaci ke yi.

Na ce, "Kai, ƙaton banza, mi ya same ka? Mani ne ya yi maka asiri?"

Ya ce, "Uwaisu, wasan nan ba nawa ba ne."

Sai ga hawaye. Ya ba ni labari tiryan-tiryan. Wai ya je Tsaskiya ne sa wa wani masallaci ƙofa, yana jiran lorin komawa a bakin kasuwa, sai ya ga wani Bafillace mai suna Sahabi ya tona gurabe a ƙasa yana wasa da abokinsa. Ya tsuguna yana kallo. Mutumin ya ce shi ya ƙago abinsa a wajen kiwo, har ya sa aka ba shi nono ya sha. Jinjiri ya zana guraben a bayan takardar harajinsa. Lori ta yi ham, ya ruga ya hau, ko sallama bai yi ba.

Ya ce, "Na sha nononshi, na sace mashi wasa, na ci suna da shi shekara sha huɗu. Sannan na tara jama'a ina kiran wani ɓarawo. Na nemi gafarar kowa ban da shi. Da wane ido zan kalli Ka'aba? In kuma ya mutu fa?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta sa na daina dariya. Haƙƙin mutum, in ba shi ya yafe ba, ba mai yafe maka. Makiyayi kuwa ba a san inda shekara za ta kai shi ba, balle sha huɗu. Na ce ya shirya, gobe da hantsi za mu hau babur ɗina.

Kaka ce, an fara yankan gero. Hanyar duk yashi da kwazazzabai, ga Jinjiri a bayana kamar buhu biyu, ya rungume sabon allo a ƙirji, ya rataya turmin yadi da goro a kafaɗa. Sau uku muna sauka muna tura babur. Duk tsokanar da na yi masa tun daga Batsari a banza.

A kasuwar Tsaskiya muka tambayi wata mai fura, Kulu, ko ta san Sahabi.

Ta ce, "Wane Sahabin? Akwai wanda aka rufe bara."

Na ji hannun Jinjiri ya damƙe mini kafaɗa har sai da na yi ƙara. Da kyar ya ce, "Mai wasa da duwatsu."

Kulu ta kwashe da dariya. "Wannan? Ai ko mutuwa ta zo sai ta jira ya gama wasanshi. Ku bi burtalin nan, rugarsu na bayan dutsen can."

Jinjiri ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Amma da saura, don samun mutum daban, samun gafararsa daban.

Muka tarar da Sahabi a inuwar wata kanya, tsoho siriri mai farin gemu, idonsa ɗaya ya yi yana. A gabansa ga guraben nan a tone a ƙasa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da shanu da ruwan bana. Jinjiri ya durƙusa, ya ajiye yadin da goron, ya kwance allon ya tura gabansa. Ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba, har maganar Mani.

Tsohon ya jawo allon, ya bi guraben da yatsa, ya daɗe a kan shuɗin mashayar.

Ya ce, "Ashe kai ne. Na ga abin nan a Safana shekara takwas da suka wuce, wasu malamai na yi suna zage-zage. Tun ran nan nake neman wanda ya yi shi."

Jinjiri ya sunkuyar da kai. "Ga ni, Baffa. Duk abin da ka yanke na ɗauka. In ka ce in daina, na daina. In ka ce in ƙona na shago, yau zan ƙona."

"Ƙonawa ta mi? Ni abin da ya ɓata mini rai, wane irin ɓarawo ne zai shiga gida ya ɗauki takalmi ƙafa ɗaya? Ina sauran wasan?"

Muka dubi juna. Jinjiri ya ce, "Sauran?"

"Zauna. Kai ne manomi."

Suka fara a kan allon. Jinjiri, duk da halin da yake ciki, hannunsa ya saba, shekara sha huɗu ba wanda ya taɓa cin sa. Ya matse burtali, ya kama saniya, ya sake kamawa. Kafin tsinkayensa su ƙare ya kame tara, uku kacal suka kai ruwa. Ya ɗago kai a kunyace, ya ce an gama.

Sahabi ya ce, "A garinku damina ce ƙarshen shekara? Tsinkenka sun ƙare, to kaka ta yi. Tuge amfaninka."

Jinjiri ya cire tsinkayen, gonaki suka zama fili. Tsohon ya juyo da shanunsa uku daga mashaya, ya ce yanzu gona a buɗe take, saniya ta shiga ta ci kara ta bar taki. Duk gonar da saniya ta kwana a ciki, manomi ya ci ta. Wadda ba ta samu ba ta mutu, ba ta shiga lissafi. Shanu uku kuwa gona nawa za su taka kafin wasa ya ƙare? Jinjiri ya tashi da gona huɗu cikin ashirin. Tsohon ya ci shi cin kaca, da shanun da shi Jinjirin ya bar masa.

Sahabi ya ce, "Ka gani? Wanda ya kame shanu da yawa da damina, shi ke kuka da rani. Wasan ke nan. Kai ka tashi ana tsakiyar faɗa, ka ɗauki faɗan ka kai wa mutane."

Ni dai na yi dariya har na kwanta. Gwanin Batsari guda, ashe bai taɓa ganin ƙarshen wasansa ba! Shi kuwa ko murmushi bai yi ba, yana durƙushe yana jira.

Ya ce, "Baffa, gafarar fa?"

Tsohon ya dube shi da idonsa mai gani. "Na yafe maka duniya da lahira. Ni a ƙasa nake tona abina, ruwa ya zo ya share. Kai ka sa shi a katako, zai kai bayan raina. Amma ka cika shi, kada a ce Sahabi ya ƙago abin raba zumunci. Yadinka ka kai wa iyali. Allon dai ka bar mini, gwiwata ta gaji da tonon ƙasa. In ka je Makka, ka ambaci sunana."

Jinjiri ya kifa fuska a tafin hannu ya yi kuka irin na mai sunansa. Ni ma, ba zan ɓoye ba, sai da na juya baya na share ido. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, mutumin da ya kwana huɗu bai ci abinci ba ya shanye tasa ya jawo tawa.

Daga ranar nan har ya bar duniya, duk allon da ya fito daga shagonsa, a ƙarƙashin tsamiyar akwai rubutun ajami: wasan Sahabi na Tsaskiya. A gaban majalisa ya faɗi gaskiya da bakinsa kafin ya tafi Makka, aka yi masa tsiya ta mako guda, aka manta. Amma abin da na fi tunawa shi ne hanyarmu ta komawa. Babur ya yi sauƙi kamar ba shi na goyo ba, yana ta surutu a kunnena. Da muka iso mararrabar Safana na miƙe zan ɗauki hanyar gida, sai ya daki bayana.

"Karya nan, mu shiga gari."

Na ce, "Wajen wa kuma? La'asar ta yi."

Ya ce, "Wajen Mani. Bawan Allah, shi ma rabin ya sata."