Hedimasta Kalilu da Malamin Aji Shida

Malam Kalilu ɗan Jandutsi ne, ɗan manomin gero da dawa. Shi kaɗai ya yi nisa a boko a gidansu, kuma tun da ya kama aikin koyarwa bai taɓa waiwayar wata sana'a ba. Ya fara a Jega, aka mai da shi wajen Aliero, daga baya aka ba shi hedimasta a wata ƙaramar firamare da ke gefen hanyar Maiyama. Siriri ne, mai magana a hankali, kuma kowa ya san ba ya ƙarya. Wasu da yabo suke faɗin haka, wasu kuma da tsokana.

Makarantar ba ta rasa malamai ba, zuwa ne ba su yi. Akwai wani Shafi'u, ɗan 'yar'uwar wani babba a gari, wanda ke da shagon waya a Jega, sai a yi wata ba a ga inuwarsa ba. Akwai wasu biyu irinsa. Waɗanda ke riƙe da makarantar tsakani da Allah su ne Malam Kalilu, da mataimakiyarsa Malama Tasalla, da malamin aji shida, Abdulwahab, mutumin Jiga Makera.

Abdulwahab ya iya koyarwa. Yaro zai shigo ajinsa bai iya haɗa baƙi ba, ya fita yana karanta wa ubansa abin da ke jikin buhun taki. Sai dai yana da iyali da tsohuwa marar lafiya, albashin kuwa ba ya kai su tsakiyar wata. Abin da ke rufa masa asiri shi ne 'yar gonar albasa da ya gada a fadama. Idan rani ya yi, lokacin dashe da ban ruwa, dole wasu ranakun ya kasance can. Bai ɓoye ba. Ya sami hedimasta a ofis ya gaya masa, suka shirya: ranar da ba ya nan Malam Kalilu zai riƙe ajin, shi kuma ya rama wa yara ranar Asabar. Haka suka yi shekaru, yaran kuma suna cin jarrabawar shiga sakandare.

Da aka fara maganar gyaran makarantu, gardama ta cika majalisar ƙofar mai gari. Alhaji Muntari, shugaban iyayen yara, ya ce don me za a ƙara wa malamai albashi alhali ba su zama aji. Malamai suka ce a ba su abin da zai ishe su tukuna a ga ko ba su zauna ba. Malam Kalilu ya tsaya tsakiya. A taron ƙungiyar malamai ya miƙe ya ce ƙarin albashi haƙƙinsu ne, amma shi yana maraba da masu sa ido, domin masu cin albashi daga shago su ne suka zubar wa malami da mutunci. Aka yi masa ihu har ya zauna. Bai damu ba. A ransa yana ganin ranar da za a zo bincike ita ce ranar da zai huta da su Shafi'u.

Masu sa idon sun zo wata safiya cikin farar mota, ba sanarwa. Ko kuma a ce Malam Kalilu ne ba a sanar wa ba, domin da ya iso makaranta ya tarar da Shafi'u a aji uku da sabuwar riga da alli a hannu, sauran biyun ma kowa yana bakin allo. Abdulwahab kuwa injin ban ruwansa ya lalace, albasa na neman ƙonewa, tun da sassafe ya wuce fadama.

Shugabar tawagar, wata mata mai gilashi, ta leƙa aji shida ta ga yara su kaɗai, domin Malam Kalilu da ya saba riƙe ajin yana biye da baƙin.

"Hedimasta, ina malamin wannan aji?"

Malama Tasalla ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, ce musu ya kai tsohuwarsa asibiti. Ba wanda zai bincika."

Malam Kalilu ya dubi ƙasa. Ya san idan ya faɗi haka magana ta mutu. Amma harshensa ya ƙi.

"Ya tahi gona, Hajiya," ya ce. "Amma ki saurare ni. Wanga yaro shi ne ke riƙe da makarantar nan. Waɗancan da kika gani, yau na fara ganinsu cikin watan ga."

"Malam, mu da abin da muka gani muke aiki," in ji ta. "Waɗanda ka ce ba su zuwa ga su a aji. Wanda kake yabo, da bakinka ka ce yana gona."

Ya roƙe ta ta kira kowane yaro na aji shida ya yi mata karatu. Ta ce da sauran makarantu a gabansu.

Ba a jima ba aka dakatar da Abdulwahab. Malam Kalilu ya yi ta hawa mashin ɗin kabu-kabu yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan. Duk inda ya je sai a karɓe shi da girmamawa, a ce maganar ta wuce sama. Iyayen yara ma, har da Alhaji Muntari da ya fi kowa zafi, sun bi shi sun yi roƙo. Abdulwahab ya jira har zangon karatu ya ƙare, da ya ga shiru sai ya koma wa albasa gaba ɗaya. Aji shida aka ba Shafi'u, wanda ya yi sati biyu yana zuwa sannan ya koma shagonsa.

Daga nan Malam Kalilu ya haɗa aji biyar da shida yana koyar da su tare, ga aikin ofis. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma shi kansa ya san ba shi da hannun Abdulwahab. Yaran da ke wucewa sakandare suka ragu. Wasu iyaye suka cire nasu suka mai da su gona da kiwo. Malama Tasalla ba ta taɓa ce masa komai ba, sai dai gaisuwarta ta zama gajeruwa.

Bayan wasu shekaru aka ce za a ɗauki sababbin malamai. Malam Kalilu ya shirya ran kasuwar Aliero ya nemi Abdulwahab. Ya same shi tsakanin buhunan albasa, ya yi ƙiba, yana ba masu lodi umarni. Da ya hango tsohon hedimastansa sai ya baro su, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai shi inuwa ya sa aka kawo fura.

"Na zo in roƙe ka ka dawo," in ji Malam Kalilu. "Yara sun lalace."

Abdulwahab ya ajiye ludayi.

"Malam, wallahi ban riƙe ka a zuciya ba. Gaskiya ka faɗi, gona nike. Amma yanzu 'ya'yana na cin abinci sau ukku, tsohuwa na samun magani. In na dawo, mi zan ce musu?"

Malam Kalilu ya shanye furarsa. Suka yi hirar damina da tsadar taki, Abdulwahab ya sa aka ɗaura masa albasa a bayan mashin duk da ya ce a bari.

Malam Kalilu ya yi ritaya ya koma Jandutsi. Ƙafa ta fara ba shi wahala, don haka ƙanensa ke duba masa gona. Idan aka tayar da zancen malamai da albashi a majalisa, aka ce Malam ya sa baki tunda shi ya san ciki, sai ya ce ya manta yadda abin yake. Wani lokaci yakan ce wa matarsa Murjanatu da za a maimaita ranar binciken nan bai san abin da zai faɗa ba, ita kuma ta ce ya bar wa Allah.

Bara ya je ta'aziyya ƙauyen da ya yi hedimasta. Da zai dawo ya ce wa ɗan kabu-kabun ya bi ta makaranta. An yi mata sabon fenti da sabon rufi. Hantsi ya yi, yara na guje-guje a fili, bai hango babba ko ɗaya ba. Ɗan kabu-kabun ya tambaye shi ko zai sauka.

"A'a," ya ce. "Mu tahi."