Kowa Na Kiran Sunansa Ban da Ni

Ɗana na fari da abokinsa suka haɗa wata manhaja ta waya mai gaya wa manoman rani ranar da za a sako musu ruwa, da yadda tumatir ya kwana a kasuwa. Su biyu ne rak, ba su da ma'aikaci, don haka duk wanda abin ya rikice masa ɗana yake kira. Ofishin kuwa zauren gidanmu ne, bango ɗaya ya raba shi da madafina.

A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Haka na tarar, haka na yi. Ni da nake tsayawa gaban maza a bakin kanal in ƙwato wa gonata ruwa, wannan yaron dai "kai" nake ce masa.

Sai ga duniya ta taso tana kiran sunansa a kunnena, don a bayyane yake sa muryar waya. Manomi daga Bunkure zai zazzaga masa masifa kamar shi ke riƙe da makullin dam, ɗana kuwa ya ce, "Baba, yi haƙuri, ya gona?" Wannan bai dame ni ba. Wadda ta tsaya mini a wuya wata tsohuwa ce mai turara shinkafa a Kura.

"Ɗana, abin naka ya sake gudu!"

"To Inna, an tashi lafiya? Ya jikoki? Danna koren nan."

Inna! Ta kwashe da dariya, ta ja sunansa kamar ita ta raɗa masa, ta bi da albarka. Ita ta yi naƙudarsa? Ina tuƙa tuwo ina ji, har muciya ta nemi karyewa.

Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma na iya lamba. Wani hantsi na shige ɗaki na danna tasa. Ina jin wayar na ƙara ta bayan bango.

"Salamu alaikum, me ya faru?" Muryar da yake yi wa baƙi ce.

"Abinku ba ya aiki," na ce.

Ya san lambata, ya san ko manhajar ban sauke ba.

"To Hajiya, ya gida? Ya yara?"

"Yara lafiya. Babban ne ba ya cin abinci a kan lokaci."

"Za a gaya masa. Ya ƙafar taki?"

Muka daɗe muna magana, ya fi abin da muka yi a shekara. Da ya shigo cin tuwo na tura masa kwano ina kallon gefe, shi ma bai ɗago ba.

Har yau wayata ba ta daina lalacewa ba, sunan ma ban kama ba. Amma in na riƙe layin, tsohuwar Kura sai ta jira.