Yammacin da Na Riƙe wa Baffa Dish

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ina jin yammacin da na riƙe wa wani dattijo dish a Barunde shi ne zai rage na ƙarshe. Ɗaura dish da saita tashoshi ita ce sana'ata, ina da ɗan shago a Bolari. Karatuna bai yi nisa ba, kuma a wancan lokacin ni mutum ne mai gajen haƙuri da saurin baki, Allah Ya yafe mana.

Dattijon nan Baffa muke ce masa duk layin, a nan na tashi. Tsohon malamin dabbobi ne. Gwamnati ta tura shi karatu Amurka tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, ya dawo da takardar shaida da kuma son wani wasa da ake kira besbol. Ga wanda bai sani ba, mutum ɗaya ne yake jefo ƙaramar ƙwallo da ƙarfi, wani ya tare ta da sanda. In ya make ta sai ya ruga, ya bi zango uku ya dawo gida, a ba su ci ɗaya. In aka cafe ta a sama, ko ya kuskure ta sau uku, ya fita. Mu dai ƙwallon taɓarya muke ce masa.

Baffa ne ya fara kafa dish a layinmu, irin babban nan na raga mai kama da rumfa. Da yamma sai a fito da talabijin baranda, a baza tabarmi, mu cika wurin muna kallon ƙwallon ƙafa da kokawar Turawa. Sharaɗinsa guda ne. In kaka ta yi, lokacin da ake buga wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, to tashar tasa ce. Ana buga wasan muna barci, washegari da rana a maimaita, mu zauna muna ɓare dafaffiyar gyaɗa muna tsokanarsa, shi kuwa yana ta bayani kamar mai koyar da karatu. Ba mu fahimci komai ba, amma zaman yana da daɗi. Daga baya gidajen kallo suka buɗe ko'ina, waya ta shigo hannun kowa, muka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin na farkon da suka ɗauke ƙafa, ko gaisuwa sai da salla.

Wata shekara, da hantsi, sai ga kiran matarsa, wadda muke ce wa Goggo. Ta ce in zo Baffana yana nemana, kada in ce mata ina da aiki. Na je ina ƙunƙuni, don ranar akwai babban wasan ƙwallon ƙafa da na ci burin kallo.

Na tarar da shi a falo, ya rame, yanar ido ta rufe masa gani, har sai da na yi magana ya gane ni. Ya ce, "Ɗan nan, masu tashar da nake biya sun cire wasana. Wai babu masu kallo. Ɗana ma ya ce ko a can Amurka yaran yanzu ba sa iya zama su kalle shi, wai ya cika jan rai." Sannan ya ce ƙungiyar garin da ya yi karatu ce ta kai wasan ƙarshe, abin da ya daɗe yana jira tun yana da baƙin gashi. An yi kunnen doki, jiya aka buga na raba gardama. Ya kashe wayarsa tun asuba don kada ɗansa ya kira ya faɗa masa sakamako. "Ba labari nake so ba, wasan nake so. Ban san ko zan kai baɗi ba."

Na yi ta bincike a risiba har na samo wata tashar kyauta ta ƙasar waje da za ta maimaita wasan bayan azahar. Hoto tangaran, amma masu sharhin wani yare suke yi da ko Baffa bai taɓa ji ba. Na tattara kayan aikina zan tafi, sai ya kamo bakin rigata.

"Ina za ka? Wa zai gaya mini abin da ake yi?"

Na ce, "Baffa, ni fa ban san kan wasan nan ba."

Ya ce, "Ni na san kansa, kai kana da ido. Zauna."

Na zauna, raina a ɓace. Da farko sai an maki ƙwallo nake magana, irin yadda muka saba a ƙwallon ƙafa. In ya tambaye ni me ake ciki, sai in ce ba a komai, suna tsaye ne kawai. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Babu lokacin da ba a komai. Dubi wanda ya tsuguna a bayan mai sanda. Me yake yi da yatsunsa?" Na duba, ashe yana nuna wa mai jifa alama a ɓoye tsakanin gwiwoyinsa. Na ce ya nuna biyu, mai jifa ya girgiza kai. Baffa ya yi murmushi ya ce, "Gardama suke yi. Wannan yana so a yaudari mai sanda da jifa mai lanƙwasa, wancan yana ji da ƙarfin damtsensa. Yaro ne ko?" Na ce ko gemu bai gama fito masa ba. Ya ce, "To za a make shi." Kafin ya rufe baki aka make ta har bayan shinge. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Daga nan na fara gani. Na ga yadda masu tsaron fili suke matsawa hagu ko dama kafin a yi jifa, na ga wanda yake zango na ɗaya yana satar taku kamar ɓarawon akuya, na ga gumi a goshin mai jifa. Duk abin da na faɗa, Baffa sai ya gaya mini abin da zai biyo baya, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya ce, "Kai, sun fi ni wayo." Muka yi la'asar a nan falon lokacin da ake talla. Ban sake tuna wasan da na ci burin kallo ba. 'Yan Baffa masu shuɗiyar hula ne, ana gabansu da ci ɗaya, aka shiga zagaye na ƙarshe.

Ana cikin haka hoton ya ɗauke, sai ga wasu mutane cikin kwat suna zaune suna surutu a kan ƙwallon ƙafa. Lokacin da tashar ta ware ya cika, ta yanke wasan ta tafi inda masu kallo suke.

Baffa ya ji muryoyin sun canja, ya ce, "Talla ce?" Na ce a'a, sun yanke. Bai yi faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana shafa sandarsa, can ya ce, "Har su ma." Na ce bari in duba sakamakon a waya, ya ɗaga mini hannu. Ya ce in na karanta masa, to kamar na kai shi bakin rijiya ne na ba shi labarin ruwa.

Akwai wata tasha da na gani tun da safe a kan wani tauraron, ita ma ta sa wasan a jerin shirye-shiryenta, kuma ta fi waccan makara wajen farawa. Na ƙyale ta ne saboda da ƙyar ake kamo ta a Gombe. Na saita lambobinta a risiba, na ƙure murya, na buɗe tagar falon, na ce, "Baffa, zan hau in juya dish. Ba mai duba mini allo, sai dai kunnenka." Ya ce, "Hau."

Dish ɗin da yake amfani da shi a lokacin ƙarami ne, an kafa shi a kan katanga dab da tagar. Na jingina tsani na hau, na sa sifana zan sassauta notin, ashe tsatsa ta gama da shi, sai ya karye a hannuna. Kwanon ya sunkuyo. Na tallabe shi da hannu biyu na shiga juyawa a hankali, ni ba na ganin allo, shi ma ba ya gani. Sai in ji ya ce, "Shiru." In ƙara matsawa, ya ce, "Wata mata ce take waƙa, wuce." Can sai na ji ya daka tsawa da muryar da ban san yana da sauranta ba: "Tsaya! Nan ne! Na ji ƙarar sanda!"

Na tsaya cak. Na gwada sakin hannu ɗaya don in nemi abin ɗaurewa, ya ce ya ɗauke. Na mayar, ya ce ya dawo. A nan na gane cewa in dai ana so wasan nan ya kai ƙarshe, to haka zan tsaya a kan tsani da hannuwa a sama. Ga shi su ma waɗannan ba Turanci suke yi ba, Baffa kuma ba shi da mai gaya masa.

Na ƙwala wa Goggo kira. Ta fito daga kicin tana cewa ita shekara da shekaru ba ta taɓa zama kallon shirmen nan ba. Amma ta zauna. Na ji ta tana cewa, "To, ga wani ƙato ya fito da taɓarya, yana ta tofar da yawu kamar mai azumi." Baffa ya ce, "Hularsa fa?" Ta ce, "Shuɗiya. Kai, wannan ko wanki ba ya yi, dubi wandonsa." Ni kuma daga sama ina ihu, "Goggo, mutum nawa ne a kan zango? Duba kusurwoyin filin!"

Ihun nan ne ya jawo mutane. Mai shayin bakin layi yana cikin jera kayansa ya leƙo ya ce, "Oga, lafiya kake kiran salla a kan katanga?" Na ce ya shiga ya taya Goggo gani. Wani ɗan keke maƙwabcinsu da ya dawo daga aiki shi ma ya bi bayansa, sai ga samari masu wucewa gidan kallo sun tsaya a taga. Ɗayansu ya ce, "Wannan game ɗin ai boring ne," amma bai tafi ba. Kafin wani lokaci falon ya cika, kowa yana faɗin abin da ya gani, Baffa yana tsakiya yana tsintar na tsinta.

"Ɗaya ya fita, an cafe."

"Wannan ya make, ya kai kusurwar farko!"

"Baba, wani ya zame da ciki kamar ƙadangare, alƙali ya baza hannuwa."

Baffa ya ce, "Ya tsira ke nan! Yana zango na nawa?" Suka haɗa baki, "Na biyu!"

Ni kuwa kafaɗuna sun fara wuta, rana tana dukan ƙeyata, gumi yana shiga mini ido ba halin sharewa. Yatsuna suka mutu. Sau biyu hannuna yana rawa hoton ya daskare, falon gaba ɗaya ya ɗauki ihu, "Mai dish, ka riƙe da kyau!" Mai shayi har da cewa in na saki ba ni ba shan shayinsa har abada. Abin da ya fi ciwon hannun ci mini rai shi ne ina son in gani. Wasan da na raina da rana, ga shi ina jin bugun zuciyata a kansa, kuma allon yana ƙasa da ni, bango ya raba mu.

Na ji Baffa ya ce kowa ya yi shiru. Biyu sun fita, saura mutum ɗaya ya fita wasa ya ƙare, ga 'yan Baffa biyu a kan zango. Ɗan keke ne ya karɓi bayani. Ya ce mai jifa ya girgiza kai, ya sake girgizawa, yanzu ya yarda. Mai sanda ya yi kuskure ɗaya. Kuskure biyu. Goggo ta fara salati. Sai na ji ƙarar sandar har inda nake, falon ya kaure, "Ta tafi! Ta tafi sama! Ta nufi shinge!" Daga nan sai tafi da sowa, ɗan keke yana cewa, "Kai! Wani ya yi tsalle ya cafe ta da hannu ɗaya a jikin shinge! Wallahi ɗan nan aljani ne!"

Suna ta murna, su a ganinsu abin kirki ya faru. Sai da suka lura Baffa bai taya su murna ba, sowar ta mutu a hankali. Mai shayi ya ce, "Baba, ba mu ne muka ci ba?" Ya ce, "Cafewar nan ita ce ƙarshe. An cinye mu." Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ku ce wa ɗan nan ya sauko, an gama."

Sai da aka taimaka mini na sauko, hannuwana sun ƙi lanƙwasuwa. Na shiga na durƙusa a gabansa ina shirin ba shi haƙuri, sai na tarar yana dariya, hawaye yana bin gemunsa. Ya laluba ya kama kafaɗata yana matsa mini ita, ya ce, "Saura taku ɗaya ta haye. Ka gani?" Na ce, "Baffa, ina kan tsani." Ya ce, "Af, haka ne fa. To zauna in ba ka labari, ni na gani." Ya kuwa kwashe zagayen nan tun daga farko ya zayyana mini, jifa bayan jifa, har aka kira magariba.

Bai kai wata kakar ba, Allah Ya jiƙansa da rahama. Har yau ban nemi hoton cafewar nan a waya ba, ko da yake na san yana nan. Yadda ya ba ni shi ya ishe ni.

Abin da na koya a ranar shi ne, ba a auna darajar abu da yawan masu kallonsa. Tasha tana iya ƙirga kawuna ta yanke, amma mu da muke zaune da tsofaffinmu bai kamata mu yi irin lissafinta ba. In dattijo ya riƙe wani abu da muhimmanci, ko ba ka ga kansa ba, ka ara masa idonka ko hannunka tun yana nan, don abin da yake nema a wurinka bai wuce yammaci ɗaya ba.