Garuba Mai Kindirmo da Kekensa

Yau kwana arba'in da aka binne abokina Garuba. Sunana Irimiya, bulo nake ɗauka da a-kori-kura daga Barkin Sale zuwa duk inda ake gini a Minna. Ban yi nisa a boko ba, amma ɗiyarsa Maijidda ta roƙe ni in rubuta abin da na sani game da mahaifinta, don jikokinsa su karanta in sun girma. Ba na iya ce wa yarinyar nan a'a.

Garuba Bafulatani ne. Iyayensa sun sauka a wata ruga a gefen hanyar Bida, ba su ƙara tashi ba. Shanunsa ba su da yawa, shi kuma kiwo bai dame shi ba. Matarsa Zakiyya ce Allah ya ba hannun kindirmo. Da yamma take dafa madara ta zuba a robobi huɗu ta rufe, kafin gari ya waye kindirmo ya kwanta ya yi kauri, har ludayi na iya tsayawa a ciki. Aikin Garuba shi ne ya ɗaura robobin a bayan keke ya kai wa Hajiya Fadila mai fura a Sauka Kahuta, ba tare da sun tsinke ba.

Da faɗa muka san juna, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Akwai wani wuri kafin Kpakungu inda ruwa ya cinye gefen kwalta, hanya ta tsuke. Na taho da lodi ina sauri, sai ga wani dogon mutum da malafa yana tuƙa keke a tsakiyar titi, a hankali kamar titin gadon gidansu ne. Na danna hon har hannuna ya gaji, ko waiwaye bai yi ba. Sai na matse shi. Ya sauka gefe cikin ramuka yana tangal-tangal, ni kuma na wuce ina zagi.

Cunkoso ya tsayar da ni a gaba, ya iso ni. Na ɗauka dambe za mu yi. Sai ya jingine keken a jikin motata, ya buɗe roba ɗaya ya miƙo min ta taga.

"Direba, leƙa."

Na leƙa. Ruwa a sama, guda-guda a ƙasa.

"Tun jiya matata ke wahala da wannan. Kai ka dama shi, to kai za ka sha."

Na ce, "Malam, titi na mota ne. Ka riƙa bin gefe."

Ya ce, "Gefen ai na awaki ne, ni kuma ban ga ƙaho a kaina ba."

'Yan okada da ke wurin suka fashe da dariya. Kunya ta sa na cika baki, na ce gobe ya ba ni robobi biyu, in kai masa cikin minti goma ya ga amfanin mota. Ya ce ya yarda.

Washegari na lallaɓa motar nan kamar ƙwai na ɗauko. Da Hajiya Fadila ta buɗe, sai ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, wa ya aike ka da tsala?" Bayan rabin awa Garuba ya iso da nasa biyun, suna kwance lafiya lau. Ya sa aka dama min fura da nasa, ya zauna yana kallona har na shanye. Daga ranar muka ƙulla.

A hankali na gane yadda yake aikinsa. Ba ya cika wa taya iska. Yana shimfiɗa guntun tsohuwar katifa a ƙarƙashin robobin. Duk ramin da ke hanyar ya san shi, in aka yi sabon ruwa kuma sai ya fita tun da wuri don ya ga inda ya canja. In ya zo kan tudun rage gudu sauka yake yi, ya tura keken da hannu. Ashe ba taurin kai ke hana shi bin gefe ba. Rami ɗaya ya isa ya ɓata aikin Zakiyya na yini guda.

Mutum ne mai son raha, amma ba ya ɗaga murya. Lokacin da matata Martha ta haifi autanmu, wata guda yana ajiye mana madara a ƙofar gida. Ranar Kirsimeti yakan zo da farar riga ya ci shinkafa ya ce gishirinmu ya yi yawa, kowace shekara.

Da shekaru suka ja, Minna ta cika da Keke Napep da okada, ga manyan motoci. Shi kuma Garuba ya fara manyanta. Wata safiya madubin wata Napep ya buge shi a gwiwar hannu, wurin ya kumbura. Maijidda, wadda a lokacin ta fara aiki a wani shagon magani, ta sayo sarƙa ta ɗaure keken a jikin bishiyar mangwaro, ta tafi da makullin. Ta samo ɗan okada ya riƙa kai kindirmon.

Mako biyu ana haka. Kindirmo kullum a tsinke, Hajiya Fadila ta fara maganar neman wasu masu nono. Sai Maijidda ta same ni a inda nake lodi.

"Baba Irimiya, kai kaɗai yake jin maganarka. Ka ce masa ya haƙura da keken nan. Ba na son a kira ni in je in tsince shi a titi."

Gaskiya ni ma ra'ayina ke nan. Ni direba ne, na san abin da ke cikin kanmu in muna sauri. Na je rugar da niyyar in ba shi haƙuri. Na same shi a gindin mangwaron, kusa da keken, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

Na ce, "Malam Garuba, shekaru sun zo. Ka huta mana."

Ya ce, "In huta in zama me? Mai gadin kaji?"

"Motocin yanzu ba irin na da ba ne."

"Direbobin dai irin na da ne, ga babbansu a gabana." Ya yi dariya kaɗan. Can ya ce, "Irimiya, ƙafata lafiya, idona lafiya. Duk abin da ke gabana na san yadda zan yi da shi. Ƙeyata ce ba ta gani."

Da na koma gida maganar ta ƙi barina. Washegari na je shagon Maijidda na ce ta ba ni makullin. Na ce zan riƙa bin bayansa da mota, daga inda hanya ta tsuke har ya wuce Kpakungu.

"Kullum, Baba?"

"Ban da Lahadi. Ranar ai titi ba kowa da safe."

"In ka fasa rana ɗaya, sarƙata na nan."

Shekara shida muka yi a haka. Shi a gaba da malafarsa, ni a baya da sigina biyu a kunne, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Zagin da yake sha ya dawo kaina, na kuma ji yadda hon yake a kunnen wanda ake danna wa. Wani direban tasi ya taɓa leƙowa ya ce, "Oga, motar ce ba lafiya ko kai?" Na ce duka biyun. Daga baya suka saba. 'Yan Napep in sun zo wucewa sai su ɗaga hannu su ce, "Ranka ya daɗe, yau ba a kunna jiniya ba?" Garuba ya ɗaga musu yatsa ɗaya ba tare da ya saki kan keken ba. Ban taɓa jin na yi asarar waɗannan mintocin ba. Su ne lokacin da hankalina ya fi kwanciya a yini.

A daminar bana, wata Talata, na lura ya sauka sau biyu a inda ba tudu. Ban juya a Kpakungu ba, na bi shi har wurin Hajiya Fadila. Ta buɗe robobin, duka huɗun lafiya. Ya zauna a benci yana numfashi, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Direba, yau ɗora keken a baya."

Ranar ce ya fara shiga gaban motata. Muna cikin tafiya muka cim ma wani mai keke da lodin rake. Garuba ya miƙa wuya yana kallonsa ta gilashi.

"Ashe haka kuke ganinmu daga nan sama. 'Yan ƙanana."

Na ce, "Haka ne."

"To, rage gudu mana, ka bar bawan Allah ya wuce ramin can."

Na rage. Da muka isa ruga shi da kansa ya sauke keken, ya goge laka da tsumma, ya kira Maijidda a waya ya ce mata ya gama da keke, kuma ba wanda ya sa shi. A asibiti suka ce zuciya ce. Ya yi mako uku a gida, yana zaune a tabarma yana koya wa wani ƙaninsa yadda ake ɗaure roba, yana yi masa faɗa in ya ja igiya da ƙarfi. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, Zakiyya da Maijidda suna gefensa.

Allah ya ji ƙanka, Garuba, ya sa ka huta. Ya ba Zakiyya da yaran haƙuri, ni ma ya ba ni.